Ina so in buɗe shagon gyaran gashin asali, ta ina zan fara?

'Yar Kabuga ta rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na gama koyon kitso da wankin kai, yanzu ina so in buɗe nawa wurin a Kano. Abin da nake so in tsaya a kai shi ne gashin asali, wanda ba a taɓa sa masa rilaksa ba, da kuma matan da suka daina sa wa suna son gashinsu ya dawo yadda Allah ya halicce shi. Jarina bai taka kara ya karya ba, kuɗin adashi ne da ɗan abin da aka haɗa mini a gida.

Wane kayan aiki ne dole tun ranar farko, wanne zai iya jira? In kama shago ko in fara a gida? Yaya ake yanka farashi kada a yi ta wahala ba riba? Sannan su karkashi da chebe da man kaɗanya, za a iya dogara da su a shago ko sai mayukan kanti? Allah ya saka da alheri.

Anti Mai Salun ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa albarka. Kafin a zo maganar kaya, ki fara sanin abin da za ki sayar. Mai yin rilaksa ta shafa, ta wanke, ta busar, awa ɗaya da rabi an tashi. Ke lokacinki da hannunki za ki sayar. Kai ɗaya mai cika, daga tsifa zuwa kitson ƙarshe, yana cin awa uku zuwa biyar, don haka ke kaɗai ba za ki wuce kai biyu ko uku a rana ba in dai aikin ƙwarai za ki yi. Duk wani lissafi, na ruwa ne, na wuta ne, na farashi ne, a kan wannan za ki ɗora shi.

Yawancin ɓarna a wurin tsifa ake yin ta. Ba a tsefe kai a bushe. Ki zuba ruwa a kwalbar feshi da ɗan kwandishina, ki fesa, ki fara kwancewa daga bakin kitso zuwa tushe. A gindin kowane tsohon kitso akwai ɗan dunƙulen datti da maiƙo da gashin da ya riga ya zube. Wannan da yatsa ake warware shi, ɗaya bayan ɗaya, kafin a kai kan ga wanki. In aka yi garaje aka zuba shamfu bai fita ba, gashin zai cukurkuɗe ya dunƙule kamar soson wanka, daga nan sai almakashi, kuma wannan matar ba za ki sake ganinta ba.

Ki shirya wa rigimar da ke biyo bayan tsifa. Kowa yana zubar da silin gashi 50 zuwa 100 a rana, amma in kai a kitse yake ba su da hanyar faɗuwa. Mai kitson wata guda za ta ga sili 1,500 zuwa 3,000 a hannunki lokaci ɗaya, ta ce kin tsige mata kai. Ɗauki sili ɗaya ki nuna mata. Wanda ya zube da kansa dogo ne, yana da ɗan farin ɗigo a tushensa. Wanda ya karye gajere ne, ba shi da ɗigon. In gajerun suka fi yawa, to akwai matsala, ko a hannunki ko a gashinta.

Wajen wanki ki raba kan gida huɗu, mai cika sosai gida shida, ki murɗe kowanne. Shamfu na fatar kai ne, ki cuɗa da cikin yatsu ba da farce ba, kumfar da ke gangarowa ta isa ta wanke jelar. Kada ki tattara gashin a tsakiyar kai kina cuɗawa irin na wankin kaya. Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Taza kuwa sai kwandishina yana jiki gashin na santsi, da mataji mai manyan haƙora, daga baki kina hawa zuwa tushe. Sitimin, wato turara gashi da tururi, minti 15 zuwa 20 ya isa. In ba ki da injin, hular leda da tawul mai ɗumi na rabin awa suna yin kusan aikin. Masu zuwa da haɗinsu na ƙwai daga gida, kada ki yarda a sa musu zafi, ƙwan dahuwa yake yi a cikin gashi, ki kwashe awa kina tsince shi, ƙarnin kuma ya kwana uku.

Mai ba ya ba gashi laima, ruwa ne ke bayarwa, mai rufe ta kawai yake yi. Saboda haka tsarin shi ne gashi da 'yar danshinsa, sai man da ba a wankewa, sai man kaɗanya kaɗan a kai. Wadda ta lafta kaɗanya a busasshen gashi za ta ga yana ƙyalli amma yana karyewa, musamman da hunturu. Amma kuma tushen gashi dole ya bushe sarai kafin a kitse. Matanmu daga kujerarki hula ce, ɗankwali, hijabi, iska ba ta shiga. Jiƙaƙƙen kai in aka kitse aka rufe, kwana biyu ya fara wari da ƙaiƙayi, kuma ke za a zarga.

Sai jan kitso. Za su ce miki "ki ja sosai, sai ya yi zafi yake daɗewa." Kada ki biye musu. In fatar goshi ta ɗaga, ko ƙananan ƙuraje suka fito a gefen kitso, ko mace ta kasa yin sujada da daɗi ranar, an ja fiye da kima. Shekara da shekaru ana haka shi ke cinye gashin gaba, kuma in tushen ya mutu babu man da zai dawo da shi. Ki bar ƙananan gashin goshi waje, ki riƙa sauya wurin tsaga, kada kullum shuku ta hanya ɗaya. Ƙananan kitso mako biyu zuwa uku, kalaba kada ta wuce mako shida.

Masu barin rilaksa su ne za su fi ba ki aiki, su ne kuma za su fi riƙe ki in kin iya. Gashinsu iri biyu ne a sili ɗaya, sabon toho mai tauri a ƙasa, tsohon miƙaƙƙe a sama, kuma daidai mahaɗar nan yake karyewa. Gaya musu gaskiya tun ranar farko: babu abin da ke mayar da gashin da ya sha rilaksa, sai dai ya tsiro a riƙa datse tsohon. Gashi na ƙaruwa da kamar santimita ɗaya a wata. Wadda ba ta son a aske lokaci ɗaya, ki riƙa rage santimita ɗaya ko biyu duk bayan wata biyu, kina yi mata kitso marar nauyi a tsakani.

Kayan da ba makawa: kujerar wanki da kwanonta, madubi babba, kujera biyu, kafet da kujera 'yar tsugunno don kitso, tawul dozin biyu, mataji manya da kibiya aƙalla shida-shida don wasu na jiƙe a maganin tsafta wasu na aiki, almakashin da ba a yanka komai da shi sai gashi, diraya ta hannu mai kyau guda ɗaya, durom na ruwa, da ƙaramin gas. Injin sitimin, diraya ta zama da ƙarfen miƙar da gashi duk su jira. A Sabon Gari za ki samu kusan komai, amma ki sa a jona diraya a gabanki ta yi minti biyar tana aiki kafin ki biya.

Baban Hanifa ya amsa:

'Yata, Anti Mai Salun ta gama maganar hannu, ni zan taɓa ta kuɗi.

In a gidanku akwai ɗakin da ke kusa da zaure, wanda mata za su shiga ba tare da sun ratsa tsakar gida ba, kuma iyaye sun yarda, fara a nan ki haɗa da zuwa gida-gida ga amare da matan da ba sa fita. Shago ana biyan hayar shekara gaba ɗaya, ga la'adar dillali, ga gyaran magudanar ruwa da labule da fenti, kafin kai ɗaya ya zauna a kujera rabin jari ya tafi. Lokacin kama shago shi ne sa'ad da kika yi wata uku a jere kina mayar da mutane saboda ba wuri. In kin tashi kamawa, ki duba ruwa, ki duba inda ruwan wanki zai bi ba tare da ya shiga ƙofar maƙwabci ba, sannan ki je wurin da yamma ki ga su wa ke zama a bakin layin. Shagon da ke fuskantar majalisar samari ko teburin mai shayi, komai arharsa, matan aure ba za su zo ba. Ko ta yaya kika fara, kashi ɗaya cikin uku na jarin ki ajiye kada ki taɓa, shi zai riƙe ki wata ukun farko.

Wuta ita ce ke kayar da masu sabon shago. Diraya ta hannu tana jan wat 1,800 zuwa 2,200, ƙaramin janaretan nan na unguwa kuwa abin da yake bayarwa bai kai wat 1,000 ba, kina kunna ta zai shaƙe ya mutu. Sai mai ƙarfin 2.5 zuwa 3 kVA, shi kuma yana shan kusan lita ɗaya a awa in yana ɗauke da kaya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, haka kuɗin wutar layin Band A, wato layin da ya fi samun wuta, tun ƙarin da aka yi a Afrilun 2024. Ki tambayi layin da shago yake kafin ki kama, kuma ki nemi mitarki ta kanki, mitar haɗaka rigima ce. Ruwan wanki ki ɗumama da gas, ba da hita ba. Sola ta fitila da fanka da cajin waya ce, duk abin da ke yin zafi zai zuƙe batir nan da nan. In kin tsara aiki, za ki tara busarwa a lokaci ɗaya ki kunna inji na awa guda maimakon ya wuni yana kuka.

Ruwa, kai ɗaya yana cin lita 20 zuwa 25, wato jarka guda, ki ƙara rabi na wankin tawul.

Farashi kuma ga yadda ake fitar da shi. Alƙaluman nan misali ne kawai, ki sa naki na gaskiya. A ce haya naira 360,000 ce a shekara, 30,000 ke nan a wata. Fetur, ruwa, gas, wuta, shara da data a ce 60,000. Mataimakiya 30,000. Albashinki ke kanki 60,000, kuma dole ki sa shi, in ba haka ba kyauta kike aiki. Jimla 180,000. Kina buɗewa kwana 26, amma kada ki lissafa awa tara a rana, don akwai salla, abinci, jiran wadda ta makara, da ranar da ba kowa. Ɗauki awa biyar. Awa 130 ke nan a wata, kowace awa ta tashi kusan naira 1,400. Kan da ya ci awa huɗu ya ci 5,600, ki ƙara kuɗin shamfu da mai a ce 1,000. Duk abin da kika karɓa ƙasa da 6,600 a wannan kan, daga jarinki kika cika, ba a ma zo maganar riba ba. Shi ya sa kwaikwayon farashin maƙwabciya mai rilaksa yake karya masu irin sana'arki, ita kai shida take yi a lokacin da kika yi biyu.

Ki yi farashi hawa uku bisa tsawo da cika, ki rubuta ki manna a bango. Tsifa kuɗinta daban, mai so ta rage kuɗi ta tsefe a gida. Ki taɓa kan ki faɗi kuɗi kafin ki fara, ba bayan an gama ba. Kowace sabuwar robar shamfu ki rubuta ranar da aka buɗe ta, ki riƙa yin ɗan layi a jikinta duk kan da aka wanke, da haka za ki san kuɗin kai ɗaya, ki kuma gane in ana ɗiba.

In kin ɗauki makitsiya, biya bisa kaso ya fi albashi a farko, amma a rubuta kason, a rubuta wa ke sayen kaya, a gaban shaida. Na amare da na jajibirin Salla a karɓi rabi tun ranar da aka kama lokaci. Taransifa kuma sai kin ga kuɗi a asusunki, hoton rasit a wayar mai biya ba shaida ba ce. Asusun shago daban da naki. Bashi na 'yan uwa da ƙawaye ya fi na baƙi cin jari, ki yanke tun yanzu su wa za ki yi wa kyauta, mahaifiya da wa da wa, sauran kowa ya biya.

Kasuwar ba ta tafiya daidai duk shekara. Kwana ashirin na farkon azumi shiru ne, goman ƙarshe ba barci, bayan Salla kuma sai a sake yin sanyi. Gab da azumi da ƙarshen shekara bukukuwa ne, makon komawa makaranta kuma kitson 'yan kwana. Kuɗin da kika samu a Salla shi ne hayar baɗi, ba na sabuwar waya ba.

Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ana yin ta ta intanet, kuma za ki buƙace ta in za ki buɗe asusun banki da sunan shago. Masu karɓar kuɗin shago da na allon talla za su zo, kada ki ba kowa sisi ba rasit. In kuma kika fara zuba haɗin mai a roba kina manna suna kina sayarwa, wannan ya shiga hurumin NAFDAC, sai da rajistarsu.

Sista Nas ta amsa:

Ƙanwata, abu ɗaya zan ƙara: kafin ki taɓa kowane kai, ki buɗe shi a wurin haske ki duba fatar. Minti biyu ne.

In kin ga fili zagayayye mai ɓawo-ɓawo, gashin wurin ya kakkarye, musamman a kan yara, makero ne. Yana bin mataji da tawul da hula. Man shafawa ba ya kashe shi domin ƙwayar tana cikin tushen gashi, sai maganin sha na makonni da likita zai rubuta. Ki ja uwar gefe ki gaya mata a hankali, ba a gaban mutane ba, kuma kada ki yi kitson ranar.

Amosani mai yawa, mai maiƙo da ƙaiƙayi, ba bushewar kai ba ce, don haka lafta man zaitun ƙara shi yake yi, ƙwayar da ke kawo shi maiƙo take ci. Shamfu mai ketoconazole kashi 2 cikin ɗari ake amfani da shi, a bar shi a fatar kai minti uku zuwa biyar kafin a ɗauraye, sau biyu a mako na mako biyu zuwa huɗu. Yana busar da gashi, sai a bi shi da kwandishina.

Ƙwarƙwata kuwa, ina roƙonki da Allah, ko uwar yarinya ce ta kawo da hannunta, kada fiya-fiya ko Sniper ko kananzir su taɓa kan kowa a wurinki. Guba ce da ke ratsa fata ta shiga jini, in aka rufe da leda kuma abin ya fi muni. A kemis akwai maganin permethrin na kai, ana maimaitawa bayan kwana bakwai zuwa goma saboda ƙwai da za su ƙyanƙyashe, a haɗa da taza da ƙaramin mataji.

Ba kowace zubewar gashi ce aikinki ba. Mai jego takan zubar da gashi sosai wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, kuma yana dawowa da kansa. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna kawo zubewa. Fili mai sulɓi da ya bayyana farat ɗaya, ko tsakiyar kai da ke raguwa tana ƙaiƙayi fatar tana sheƙi, waɗannan na likitan fata ne, kuma jinkiri yana sa tabo ya zauna. Kada ki riƙe mace wata shida kina sayar mata da mai.

Tsaftar kaya: cire gashin da ke jikin mataji, wanke da sabulu, sannan a jiƙa minti goma a ruwan bilic irin su Hypo ko Jik, murfi ɗaya a murfi talatin na ruwa, a ɗauraye. Haɗin na yini ɗaya ne, gobe a sake sabo. Almakashi da kayan ƙarfe a goge da sifirit don bilic yana sa su tsatsa. Reza ta mutum ɗaya ce, a buɗe a gabanta a jefar a gabanta, domin ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda a busasshen jini ba ta mutu ba. Tawul ɗaya, mutum ɗaya. Baƙin rini na gashi da na lalle yawanci yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda ke kumbura wa wasu fuska har ido ya rufe. A ɗiga kaɗan a bayan kunne a jira awa 48, kuma ba a gwada shi a kan amarya ana gobe ɗaurin aure.

'Yar Yerwa ta amsa:

Kan tambayarki ta ƙarshe, 'yar uwa, ana dogara da su, amma kowanne da iyakarsa.

Karkashi ya fi kowa amfani a shago irin naki. Cokali uku zuwa huɗu na busasshen ganye a lita ɗaya ta ruwan zafi, a bari minti 15 zuwa 20 sai ya yi yauƙi, a tace da ƙyalle mai laushi. Tacewar nan kada ki yi mata ha'inci, ɓurɓushin da ya shige gashi mai cika sai an yi wanki biyu. Wajen warware cukurkuɗaɗɗen gashi yana gogayya da kwandishina mai tsada. Amma ba ya fitar da maiƙon wata guda, wannan sai shamfu. Kuma duk abin da aka haɗa da ruwa, karkashi ne, hulba ce, garin magarya ne, na ranar ne. A zafin Kano kwana biyu ya yi tsami.

Na lura Anti ba ta ambaci sabulun salo ba, kuma za a matsa miki da shi don ana ganin na gargajiya ne. Yana wanke kai fes, amma yana da kaifi, yana buɗe jikin gashi ya bar shi da kaushi. In ruwanki mai nauyi ne, irin wanda sabulu ba ya kumfa da kyau a ciki, har fari-fari yake bari. In za ki yi amfani da shi ki narkar da ɗan gutsure a ruwa mai yawa, bayan wanki ki ɗauraye da khal tuffa cokali biyu a rabin lita na ruwa, sannan kwandishina. Ga masu barin rilaksa ni dai ba na ba da shawararsa.

Chebe na matan Chadi ne, kuma yadda suke yi shi ne a kwaɓa garin da mai a shafa a jelar gashi mai danshi, a kitse. Ba a sa shi a fatar kai, yana toshe ta ya kawo ƙaiƙayi. Ba ya sa gashi fitowa, karyewa yake hanawa, tsawon da gashi ya yi sai ya zauna. Ki gaya wa kwastoma yana ɓata matashi da farin hijabi, kuma wanke shi aiki ne, ki sa kuɗinsa. Gari ne, algus a cikinsa ba wuya, ki tsaya wa mai sayarwa ɗaya da kika gwada.

Man kaɗanya: kashi biyu nasa, kashi ɗaya na man kwakwa ko na riɗi ko alayyadi. A narkar a kwanon da aka ɗora kan ruwan zafi, ba kan wuta kai tsaye ba, a bari ya fara daskarewa a buga. Ko ɗigon ruwa kada ya shiga. In za ki jiƙa hulba ko kanumfari a mai, busassu za ki sa, ɗanyen ganye fumfuna yake kawowa. Jan lalle yana ƙarfafa gashi amma yana busar da shi, kuma launinsa ba ya fita, ki faɗa kafin ki shafa.

Maganar ƙarin gashi ki yanke matsayinki tun kafin ki buɗe. Hadisin da ya hana yana cikin Bukhari da Muslim, kuma da yawa daga masu neman irin shagonki saboda haka suke nemansa. Za su kuma tambaye ki kitson da ruwan wanka zai ratsa har tushe, wani dalilin ke nan na barin matsattsen kitso.

'Yar Kabuga ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Anti, saura abu biyu. Yaya zan samu kwastomomin farko? Kuma in mace ta zo ta dage sai rilaksa, in yi mata ko in bar kuɗin ya wuce?

Anti Mai Salun ta amsa:

Ki bar shi ya wuce, ki nuna mata shagon da ake yi da kyau. Ranar da aka ga robar rilaksa a kan teburinki kin zama kamar kowa, ga shi in aka samu ƙuna ko zubewa sunanki ne zai tafi.

Kwastoman farko, nemi mata biyar masu gashi iri daban-daban a unguwa ko Islamiyya, mai tauri, mai laushi, mai barin rilaksa, mai cinyayyen goshi, da yarinya. Yi musu a rabin kuɗi na wata biyu bisa sharaɗin za su riƙa dawowa duk mako biyu. Ɗauki hoton bayan kai kawai, ba fuska, ba ɗan kunnen da za a gane, kuma sai da izininta, matar aure ki bari ta tambayo. A WhatsApp da Instagram hoton kai ɗaya ranar farko da bayan wata biyu ya fi hoton kitso ashirin jawo mutane.

Ki sayi littafi mai kauri, kowace mace da shafinta: yanayin gashinta, yaushe ta daina rilaksa, me aka shafa mata, me bai karɓe ta ba, wane kitso aka yi, awa nawa ya ci, nawa ta biya. Kafin ta tashi ki rubuta ranar dawowarta, ana gobe ki tura mata saƙo. Wadda ta makara fiye da rabin awa a ranar cunkoso, ta bi bayan wadda ta zo a kan lokaci, ko da Hajiyar unguwa ce.